Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kwamitin gyaran ƙa'idar UML: lambar da ke bakin layi, me take ƙirgawa?

Zuwa ga shugabanni da membobin kwamitin da ke gyaran ƙa'idar UML a OMG, ƙungiyar da ke kula da wannan harshe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗaya ne daga cikin masu zana tsarin manhaja da harshenku na UML, wato harshen zane-zanen da ake kwatanta tsarin manhaja da shi, ina kuma koyar da shi ga masu tasowa. Abin da ya sa na rubuto muku ƙarami ne a ido: 'yar lambar nan da ake sakawa a bakin layin da ya haɗa aji da aji (aji shi ne rukunin abubuwa iri ɗaya, kamar ma'aikata), wato 1, ko 0..1, ko 1..*, ko tauraro shi kaɗai. Ita ce iyakar adadi: lambar farko iyakar ƙasa ce, ta biyu iyakar sama, tauraro kuma yana nufin babu iyaka. Duk wanda ya fara koyon UML da ita yake fara cin karo, kuma nan take yake ganin ya gane ta. Kukana shi ne, tun daga UML 1.1 da kuka amince da shi a Nuwamban 1997 har zuwa 2.5.1 na Disamban 2017, akwai inda kundinku ya yi shiru game da abin da lambar take ƙirgawa, akwai inda ya yi magana amma ma'anar ta saɓa wa abin da mai zane yake nufi, akwai kuma abin da mai zane yake matuƙar son faɗa da ba a ba shi wurin rubutawa ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Idan alaƙa bakinta biyu ne, ba a cika samun rigima ba. Ga ajin ma'aikaci, ga ajin sashe, an rubuta 1 a bakin sashe: ka tsaya kan ma'aikaci guda, ka hango ƙetaren layi, sashensa ɗaya ne tak. Wannan salon hangen ƙetare tsoho ne, da shi Peter Chen ya zo a 1976. Faransawa kuwa, a tsarinsu na Merise, suna rubuta lambar a gefen abin da ake magana a kansa, ma'anarta sau nawa ɗan wannan aji yake shiga cikin alaƙar. A baki biyu bambancin na wurin zama ne kawai, ka musanya lambobin shi ke nan. Daga baki uku zuwa sama ne gizo ke saƙar, domin a can salon biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

Bari in ɗauki misali guda in zauna a kansa. Ana zana tsarin asibiti. Akwai aji uku: likita, majiyyaci, magani. Alaƙa ɗaya ta ɗaure su, kowane ƙulli a cikinta yana cewa likita wane ya rubuta wa majiyyaci wane magani kaza. Mai zane ya zo bakin likita, ya tambayi kansa: rubutun magani guda, likita nawa ne a kansa? Ɗaya mana. Sai ya rubuta 1. Kusan kowa haka zai yi, kuma hankali ya ɗauka.

To me kundinku ya ce? Ya ce a tsayar da sauran bakunan, a ɗauki majiyyaci guda da magani guda, a ƙirga likitocin da ke ƙulle da wannan haɗin. Sannan ya ƙara da cewa idan iyakar ƙasa ta kai 1, dole ne a sami ƙulli ga duk wani haɗi da zai yiwu na sauran bakunan. Duk wanda zai yiwu fa, ba wanda ya auku kaɗai ba. Mu ƙaddara majiyyata 500 ne, magunguna 200. Wannan 1 ɗin da mai zane ya rubuta da kyakkyawar niyya tana cewa sai an sami ƙulli 100,000, kowane majiyyaci an rubuta masa kowane magani da ke ma'ajiya. Ranar da aka shigo da sabon magani kuma, tsarin ya karya doka har sai an rubuta wa dukkan 500 ɗin shi. Lambar an rubuta ta a bakin likita ne, amma nauyinta ya koma kan majiyyaci da magani, waɗanda mai zane bai ma taɓa bakinsu ba.

Wannan ba sabon gano ba ne. Gonzalo Génova da Juan Llorens da Paloma Martínez, na Jami'ar Carlos III da ke Madrid, sun baje shi a fili tun 2001 da 2002. Sun nuna cewa rubutun UML na lokacin yana ɗaukar fassara uku: ko a ƙirga haɗe-haɗen da suka riga suka auku kawai, wanda a nan iyakar ƙasa ba za ta taɓa zama sifili ba, ko a ƙirga duk haɗin da zai yiwu, wanda ke haifar da abin da na kwatanta, ko kuma a yarda da gurgun ƙulli, mai ƙafa biyu a alaƙa mai baki uku. Da UML 2 ya fito a 2005 kun zaɓi ta tsakiya, kun kuma rubuta cewa iyakar ƙasa a irin wannan alaƙa galibi sifili ce. Na yaba da zaɓin, ko ba komai an san matsaya. Sai dai kun tsaya a rabin hanya. Kun gaya mana kada mu rubuta 1, ba ku ba mu abin da za mu rubuta a madadinta ba.

Ga abin da ke biyo baya. Mai zanen da ya karanta ƙa'ida ya goge 1 ya sa 0..1. Likitan da aka kai wa zanen don ya duba ya ga sifili a bakin likita, ya ce ba zai yiwu ba, ta yaya za a ba da magani babu likita? Sai a shiga yi masa bayani cewa sifilin ba haka take nufi ba, kowane ƙulli da ƙafafunsa uku, sifilin tana magana ne kan haɗin da bai auku ba. Zanen da aka yi don a huta da dogon bayani ya dawo yana neman mai fassara. Kuma duk da haka dokar da asibitin ya fi damuwa da ita ba ta shiga ba. A ce dokar ita ce duk majiyyacin da ke cikin wannan rajista sai an rubuta masa magani aƙalla sau ɗaya, ko kuma likita ba zai wuce rubutu kaza ba. A Merise wannan lamba biyu ce a gefen majiyyaci ko likita, an gama. A ORM, wani salon zana tsarin bayanai da Terry Halpin ya yi fice da shi, ɗigo guda ne ke nuna wajibcin shiga, alamar hana maimaici kuma daban take. A UML babu gurbi ko kaɗan.

Ku yi lissafin da kanku. Alaƙa mai baki uku tana amsa tambayar adadi iri 12: a tsayar da baki ɗaya a ƙirga wani baki ɗaya, hanya 6 ke nan, a tsayar da ɗaya a ƙirga haɗin sauran biyun, hanya 3, a tsayar da biyu a ƙirga na ukun, hanya 3. UML ya ba da wurin rubuta 3 na ƙarshe, su ma iyakarsu ta ƙasa kusan kullum sifili ce. Ba na cewa a cika zane da lambobi 12, babu mai iya karanta wannan. Amma ukun tsakiya, wato sau nawa ɗan aji yake shiga alaƙa, su ne masu aiki suka fi tambaya, kuma su ne babu.

Na san amsar da ake bayarwa. Ana cewa ka rushe alaƙar ka mai da ita aji, ka kira shi rubutun magani, ka ja masa layi uku masu baki biyu-biyu. Gaskiya ne, da ka yi haka 1 ɗin nan ta koma daidai, kuma kana iya sa 1..* don wajibcin shiga. Amma ka yi asarar wani abu: yanzu babu inda za ka ce majiyyaci ɗaya da magani ɗaya ba sa wuce likita ɗaya, kuma babu abin da zai hana a maimaita ainihin haɗin nan na uku sau goma. Kowane salo yana faɗar abin da ɗayan ya kasa. Sai a ce to ka rubuta sauran da OCL, harshen rubuta sharuɗɗa da ke rakiyar UML. Ni ina son OCL, amma dokar da ake samu a kusan kowane rumbun bayanai bai kamata a tura ta can bayan zane ba, inda mai kasuwanci ko likita ba zai taɓa karantawa ba. Masu ƙera kayan aiki ma sun nuna ra'ayinsu a aikace: Ecore, harshen tsara bayanai na kayan aikin Eclipse, wanda manhajoji da yawa suka dogara da shi, bai san alaƙa mai baki uku ba sam. Idan shawarar da ƙwararru suke ba sabon shiga game da wani sashe na harshe ita ce ya kauce masa, sashen yana neman gyara.

Magana ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce ta maimaici. A UML 1, alaƙa tarin ƙulle-ƙulle ce da babu biyu iri ɗaya a cikinsu. Abu biyu ko suna ƙulle ko ba sa ƙulle. UML 2 ya zo da alama a kowane baki mai cewa an hana maimaici ko an yarda da shi. Matsalar ita ce maimaici sifa ce ta ƙulli gaba ɗayansa, ku kuma kun rataye alamar a baki. Jerin waƙoƙi a wayar hannu zai iya ɗaukar waƙa ɗaya sau uku, don haka bakin waƙa ya yarda da maimaici. Bakin jeri kuma an bar shi a kan hani, kamar yadda yake tun asali idan ba a taɓa shi ba. Ƙulli nawa ke nan tsakanin jerin da waƙar, uku ko ɗaya? Rubutun 2.0 ya ce idan baki ya hana maimaici, abin da ke wurin tari ne mara maimaici, bai fayyace ko wannan sharaɗi ne da ke hana ƙulla na biyu ba, ko kuwa yadda ake kallon ƙulle-ƙullen ne bayan an tace su. Dragan Milićev na Jami'ar Belgrade ya yi dogon nazari kan wannan rabuwar fahimta a 2007. A 2.5 kun daidaita kan ta biyu: ƙulli uku ne, daga jeri ana ganin waƙar sau uku, daga waƙa ana ganin jerin sau ɗaya. Wannan gyara ne mai kyau, kuma a nan na jinjina muku.

Amma ku dubi abin da ya jawo wa alaƙa mai aji, wato alaƙar da ke ɗauke da bayanan kanta. Mutum da kamfani, tsakaninsu kwantiragin aiki mai ranar farawa da ranar ƙarewa. A UML 1 an koyar da mu, mun kuma koyar, cewa mutum ɗaya da kamfani ɗaya ba za su sami irin wannan ƙulli sau biyu ba. Idan mutum zai iya barin aiki ya dawo, to ka yi cikakken aji. A 2.5 sai ga 'yar sanarwa tana cewa ko da duk bakunan sun hana maimaici, ana iya samun 'yan wannan aji da yawa suna ɗaure abubuwa iri ɗaya. Wato zanen da aka yi a 2003 yana nan yadda yake, ko ɗigo ba a taɓa ba, amma ma'anarsa ta juya. Wanda ya gina rumbun bayanai bisa tsohuwar fahimta ya sa mutum da kamfani su zama mabuɗin teburin. Wanda ya bi sabuwa ya ƙara lambar kwantiragi. Dukkansu suna da shafin da za su nuna. Sauyi mai girman wannan bai dace a binne shi cikin sanarwa ta layi biyu ba. Sannan idan na rubuta 0..3 a bakin kamfani, kamfanoni daban-daban nake ƙirgawa. Yawan kwantiragin da mutum zai yi da kamfani guda fa, ina zan sa iyakarsa? Idan kuma ɗaya tak nake so, kamar da, wace alama zan yi? Kundin ya ce ƙulle-ƙulle masu maimaici suna ɗauke da wata ƙarin shaida da ke bambanta su, amma mai zane ba ya ganinta, ba ya iya sa mata suna, ba ya iya ɗora mata doka.

Ta uku ita ce tambayar yaushe. An rubuta 1..* tsakanin takardar oda da layukan kayan da ke cikinta: oda ba ta zama babu kaya. An kuma rubuta 1 a ɗaya bakin: layin kaya ba ya zama babu oda. To wanne za a fara ƙirƙira? Duk wanda aka fara da shi, an karya doka na ɗan lokaci. Kowa ya san dole a ɗaga ƙafa a wani wuri, tambayar ita ce daga ina zuwa ina. Sashen ayyuka na UML 2 ya ce cire abu yana yiwuwa ko da ya sauko ƙasa da iyakar ƙasa, kuma mai zane ne zai yanke lokacin da za a tilasta ta. Game da wuce iyakar sama kuwa, cewa aka yi ba a ayyana abin da zai faru ba. Na yarda mai zane ya yanke. To a ina zai rubuta abin da ya yanke? Babu alama, babu kalma. SQL, harshen rumbun bayanai, ya warware wannan tun a bugun 1992: kana iya cewa wannan sharaɗi a duba shi nan take, wancan a jinkirta shi har ƙarshen ma'amala. Kalma biyu ce a can. Harshen da ake zana tsari da shi kafin a kai ga SQL bai kamata ya gaza faɗar abin da SQL ke faɗa ba. Sakamakon rashin nan shi ne manhajoji biyu masu fitar da kod daga zane ɗaya, ɗaya ta ƙi karɓar oda mara kaya tun daga ƙirƙira, ɗaya ba ta duba ko sau ɗaya, kuma babu wadda za a ce ta saɓa wa ƙa'ida.

Akwai ƙananan ramuka da zan ratsa da sauri. UML 1 ya yarda a rubuta adadi mai tsallake, kamar 2 ko 4, wanda shi ne daidai ga 'yan wasa a karawar tanis. UML 2 ya cire shi, sai 2..4, wadda ta halasta uku. Alaƙa mai mabuɗi, irin banki da lambar asusu, lambarta tana aiki ne bayan an ba da mabuɗin, kuma kundin da kansa ya ce yana ɗaukar ainihin adadin, wanda babu mabuɗi, a matsayin 0..*, ya kuma amsa cewa wannan bai game komai ba. To bankin da dole ya kasance da asusu aƙalla ɗaya ya rasa bakin magana ke nan. Sai bakin da aka bari babu lamba: a tsarin ciki na harshen, abin da ba a faɗa ba 1 ne, amma zane yana da izinin ɓoye bayanai, don haka mai karatu ba ya sanin ko 1 ake nufi, ko an ɓoye, ko mai zanen ne bai kai ga yanke shawara ba. Waɗannan hali uku ne daban, kuma na ukun ne ya fi yawa a farkon aiki.

Wani abu kuma, ko da dai ba laifin ma'anar lambar ba ce kai tsaye. Ana iya yin zanen da ya bi duk dokokinku amma babu tsarin da zai cika shi. A ce kowane reshe yana da uwa 1 tak, kuma kowane reshe yana da 'ya'ya 2 cif. Ƙirga ƙulle-ƙullen ta gefen 'ya'ya, daidai suke da yawan rassa; ƙirga ta gefen uwaye, ninki biyu ne. Ba za su daidaita ba sai in babu reshe ko ɗaya, ko kuma rassan ba su da iyaka. Lenzerini da Nobili sun nuna tun 1990 cewa ana iya gano irin wannan da lissafi mai sauƙi. Da kundinku ya faɗi a sarari cewa 'yan aji masu iyaka ake nufi, da masu kayan aiki sun sami madogarar yi wa mai zane gargaɗi.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwar rubutowa shi ne kun riga kun nuna kuna iyawa. A 2011 kun fitar da fUML, inda aka ba wani yanki na harshen ma'anar da na'ura za ta iya gudanarwa. A 2.5 kun haɗe kundi biyu da suka wahalar da masu karatu suka zama ɗaya. Bugu na biyu na SysML kuma, harshenku na zana tsarin injiniya, ba a kan UML kuka gina shi ba, kun yi masa sabon tushe, KerML, mai ma'ana da aka rubuta da ilimin mantiƙi. Tsorona shi ne hankali ya koma can gaba ɗaya, a bar UML yadda yake, alhali shi ne ake koyarwa a jami'o'i, shi ne ISO, hukumar ƙa'idoji ta duniya, ta ɗauka a matsayin ma'auni, kuma zane-zanen da aka yi da shi ba za a sake su ba.

Roƙona na farko, kuma wanda in aka ce in zaɓi ɗaya shi zan zaɓa: ku ba mu wuri na biyu a alaƙa mai baki uku ko fiye, inda za a rubuta sau nawa ɗan aji yake shiga. Wurin ma yana nan a buɗe, ƙarshen layin da ke manne da alamar tsakiya, inda layukan alaƙar suke haɗuwa, babu abin da ake rubutawa a kansa, kuma masu binciken Madrid sun ba da shawara makamanciyar wannan tun fiye da shekara 20. Tsofaffin zane ba za su lalace ba, domin wanda bai rubuta komai a wurin ba yana nan kan ma'anarsa ta da. Bayan wannan, a sami alama guda a kan alaƙa kanta, ba a baki ba, mai cewa ƙulli nawa aka yarda tsakanin abubuwa iri ɗaya, ta yi aiki har ga alaƙa mai aji. A kuma aro dabarar SQL, a ba iyakar ƙasa kalmar da ke nuna ko nan take ake dubawa, ko a ƙarshen aiki, ko a ƙarshen ma'amala.

Idan ƙara wa harshen alamu ya yi muku nauyi a wannan zagaye, akwai abin da ba ya buƙatar sabuwar alama ko ɗaya. Ku sa wa kundin rataye mai ƙarfin doka, mai ɗauke da ƙananan zane-zane, kowanne a ƙarƙashinsa tebur biyu: ga jerin ƙulle-ƙullen da suka halasta, ga jerin da suka haramta, ga dalili a layi ɗaya. A fara da baki uku mai 1 a gefe guda, sai baki biyu mai alamun maimaici mabambanta, sai alaƙa mai aji da aka maimaita, sai mai mabuɗi. Duk manhajar da ke iƙirarin bin UML a gwada ta da su kafin a yarda da iƙirarinta, kuma duk sauyin ma'ana da aka yi tsakanin bugu da bugu a jera shi a shafin farko na ratayen, da lambar bugun da ya fara aiki.

Na gode da lokacinku. Wassalam.

Naku,
Wani mai zana tsarin manhaja kuma malamin UML